Nauyin Kunama

Ranar Laraba, bayan la'asar,
Baba Nomau ya shigo shagona a Ƙofar Gayan
da abu naɗe cikin tsohon buhun gishiri.
Na ce masa ni mai gyaran keken ɗinki ne.
Ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne,
maƙeran da suka san ta duk ƙasa ta rufe musu ido.

Na shimfiɗa tabarma, na kwantar da ita.
Adaka ce, ta girme ni, ta girmi ubana.
Ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannu uku,
an ɗaure wuyanta da fatar gada
da wata laya da ba mai tuna abin da ke cikinta.
Na zura sanda, cikinta wayam,
sai warin albarushin da ya mutu tun ana kashe sulai.

Kusa ta fari ta fito salin-alin.
Ta biyu sai da na shayar da ita kananzir,
na yi magariba na dawo, sannan ta yarda.
Ta uku ba kusa ba ce, ƙarfen laima ne
wani ya lanƙwasa a wata shekara ta babu.
Na jera su a murfin langa
don kada gobe su yi mini gardama.

Ga hanjinta a tafin hannuna:
ƙarfe huɗu, tsatsa, gawar gizo-gizo,
da ƙwayar dawa guda, Allah kaɗai ya san daminarta.

"Kunamar ce," in ji shi.
Ya miƙo manuniyarsa, ta kanannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa.
"Da, ina ja tana amsawa. Yanzu ina ja tana kallona.
Birai sun gama mini masara a bakin Galma,
har zama suke su ci a gabana."

Na ɗauko magagari.
A inda ƙarfe ke riƙe ƙarfe
na ga ba tsufa ba ne, da gangan aka bar tudun.
Ga sawun guduma, ga alamar maƙerin,
zane shida kamar yatsu.

"Cindo," ya ce, "kakan su Barmo na Kusfa.
Babana ya kai masa kuka,
ya ce ko saniya za a ba shi ba zai rage ba.
Wai kunamar daji ce ke harbi ba shawara,
tasa kuwa, tsakanin niyya da ƙara
sai ta bar wa mutum wurin juyawa."

Ya yi shiru. Injin niƙan maƙwabta ya ɗauke.

"Shekarar fari, a gindin Kufena,
na ga abu ja cikin ciyawa, daidai tsayin gada.
Na ja, ta ƙi. Na ƙara ja,
kafin ta kai, abin ya miƙe tsaye,
ya yi tari,
ya ɗora ɗaurin itace a ka.
Yau ita ke toya waina a Tudun Wada,
jikokinta tara. Ba ta sani ba.
Duk ran da na saya, ba na karɓar canji."

Magagarin ya yi mini nauyi a hannu.
Na goga sau ɗaya, garin ƙarfen da ya zubo
bai kai kwallin ido guda ba.
Na goga na biyu.
Na ukun ban yi ba.

Na wanke tsatsa, na ɗiga man keke,
na mai da kowa ɗakinsa, har ƙarfen laimar.
Ƙwayar dawar na jefa a aljihu.

Ya auna bango da ita, wayam ɗinta, ya ja.
Yatsar ta yi rawa, jijiyar wuyansa ta tashi,
na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu,
ƙyas.

"Har yanzu da nauyi," ya ce.
Na ce e.
Ya dube ni, ya dubi zanen Cindo,
ya mai da ita buhunta.
"Nawa ne?"
Na ce ya kawo mini masara, in birai sun rage.